Rahoton Kwamitin Masu Gidaje Kan Aikin Rijiyar Burtsatse da Tankin Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, iyaye mata, da sauran masu gidaje da mazauna wannan rukuni namu.

Tun da ruwa ya fara zuba a famfo, tambaya ɗaya ce ke yawo daga ƙofar masallaci zuwa rumfar maigadi: ina kuɗin suka shiga, kuma me ya sa aka karɓi karo-karo har sau biyu? Wasu sun same mu sun tambaya gaba da gaba, mun gode musu. Wasu kuwa a bakin wasu muka tsinci maganarsu. Ga bayanin, domin kowa ya ji daga bakin kwamiti.

Shawarar haƙa rijiya ba tamu ba ce mu kaɗai. Babban taro ne ya yanke ta, bayan kowa ya gaji da jiran 'yan garuwa, aka kuma amince kowane gida ya biya daidai da na ɗan'uwansa. Ƙiyasin da aka karanta a taron an yi shi ne da farashin farkon 2023, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, dala kuma tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta haura 500. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta wuce 1,500, buhun siminti ya haura naira 10,000. Duk wanda ya leƙa Ƙofar Ruwa neman rodi ko fayif a wannan tsakanin ya san ba ƙirƙira muka yi ba.

Amma ba wannan ne ya fi cin kuɗin ba. Ramin farko ne, wanda aka haƙa a bayan ɗakin maigadi bai ba da ruwa ba, kuma a kansa aka fi yi mana surutu. Ya kamata a fahimci yadda ƙasar Kano take: ƙarƙashinmu dutse ne, ruwa kuwa a cikin tsagar dutsen yake kwanciya. Mai injin zai iya samun ruwa a nan, ya matsa taku kaɗan ya tarar da busasshen dutse. Ba da ka muka zaɓi wurin ba. Mun ɗauko mai awo da na'urarsa, ya nuna wurare biyu, ya fifita na farko, rahotonsa yana nan a rubuce. Awo hasashe ne, shi kansa ya faɗi haka a takardar. Masu cewa da mun hana mai haƙa kuɗinsa tun da ba a samu ruwa ba, su sani cewa yarjejeniyar kan zurfi aka yi ta, mita-mita, ba kan samun ruwa ba. Mun tambayi masu haƙa daban-daban kafin sa hannu. Wanda ya yarda ya ɗauki alhakin ruwa kuɗin da ya yanka ya fi ƙarfin asusunmu. Man dizal ya riga ya ƙone, ma'aikata sun yi aikinsu. Abin da muka iya shi ne muka dakatar da saka kesin, wato fayif ɗin da ake zurawa cikin rami don kada ya rufta, a ramin da ya ƙafe, muka mayar da shi rami na biyu, muka kuma roƙi ragi a kan kuɗin dawo da injin, aka yi mana. Karo-karo na biyu ke nan asalinsa.

Sai maganar sola. An ce mun yi almubazzaranci, wai da janareta da sumo (injin da ke turo ruwa daga cikin rijiya) na yau da kullum sun wadatar. Gaskiya ne sun fi araha ranar saye. To wa zai riƙa zuba mai? Mu da muke bin gidaje wata-wata muna karɓar kuɗin maigadi mun san yadda abin yake. Wani sai an koma masa sau da yawa kafin ya fito. Sumon da muka saka kai-tsaye yake sha daga farantan sola, babu batir, domin batir shi ne abin da ke fara mutuwa. Rana ta fito ya cika tanki, dare ya yi a sha abin da aka tara. Illarsa mun faɗa tun farko: ranar da hadari ya rufe ruwa zai ragu, da hunturu kuma sai an riƙa share ƙura daga farantan. Ƙafar tanki ma ta ƙarfe mai kauri muka sa aka yi, don yara a gindinta suke wasa.

Ko sisi ba a biya wani ɗan kwamiti ba, har kuɗin mota da na waya daga aljihunmu. Jadawalin shiga da fita yana manne a allon masallaci, rasidai suna hannun ma'aji. Gani ya kori ji, mai shakka ya zo ya duba.

Godiya ta musamman ga dattijonmu Alhaji na layin farko, wanda ya biya tankunan nan shi kaɗai, ya kuma hana a ambaci sunansa. Allah Ya sa ya tarar a mizani, Ya jiƙan mahaifansa. Haka Hajiyarmu da ta ciyar da ma'aikata tun daga ranar farko har aka kwashe injin, da ɗan'uwanmu mazaunin Saudiyya da ya turo gudummawa a daidai lokacin da aiki ya tsaya cik. Matasan da suka kwana gadin kaya, Allah Ya yi muku albarka.

Sai dai aiki bai ƙare ba. Fayif bai kai layin baya ba, kuma su ma sun biya kamar kowa, har yau matansu da 'ya'yansu ke ɗauko jarka zuwa gindin tanki. Farantan sola suna nan a fili ba shinge, alhali kowa ya san yadda ake satarsu. Kuɗin da ake bin gidajen da ba su cika kasonsu na biyu ba ya kusa isa jan fayif ɗin. Masu gidajen da ke haya, ku daina turo mu wajen 'yan haya, kaso na mai gida ne. Muna roƙo a kai wa ma'aji kafin taron wata mai zuwa, wanda kuma Allah Ya hore wa siminti ko bulo na shinge ya sanar da sakatare.

Wassalamu alaikum.
Kwamitin Masu Gidaje