Takardar Koke Kan Iskar Gubar da Ta Tashi a Filin 'Yan Gwangwan

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani. Mu talakawanka mazauna bayan tasha, dattawa da limamai da mata da matasa, muna gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, muna kuma neman afuwa idan harshe ya yi kaushi, domin abin ya kai mu maƙura.

Labarin ranar Asabar ya riga ya iso fada. Bayan la'asar wasu yara a filin 'yan gwangwan suka sa wuta suna yanka wata tsohuwar tukunyar gas da aka sayo a kilo, ba wanda ya tambayi daga ina ta fito. Sai wata iska mai launin ɗorawa da ɗan kore-kore ta feso, ta kwanta a ƙasa, ta bi lungu. Daga baya likita ya ce kulorin ce, wadda ake tsabtace ruwan famfo da ita. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka kwari take bi. Mu ina muka san wannan? Matan aure suka ja 'ya'yansu ƙuryar ɗaki suka kwantar da su a ƙasa, wato daidai inda gubar ke taruwa. Almajirai suka gangara kududdufi. Da gari ya waye an kwashe kaji matattu a akurki, ganyen zogalen gidajen farko duk ya ƙone. Har yau akwai tsofaffi da jarirai a gadon asibiti, numfashi da ƙyar.

'Yan kwana-kwana sun zo, Allah ya saka musu, amma da tiyo da ruwa kawai suka zo, ba abin rufe fuska na kirki. Suka watsa wa tukunyar ruwa, alhali ruwa da kulorin in sun haɗu ƙarfen suke ci, ɓular ta ƙara buɗewa. Su ma sai da aka ɗauki nasu. 'Yan sa-kai ne suka jiƙa rawani da tsumma suka ɗaure hanci suna fito da mutane a kafaɗa. Ga bariki nan kusa da mu, ranka ya daɗe, in an busa bigila da asuba muna ji. Aka garzaya can, aka ce sai umarni ya zo daga sama. Ba mu ce sun yi laifi ba, soja da oda yake aiki. Tambayarmu ita ce wa zai ba da odar, kuma me ya sa sai rai yana fita ake neman lambarsa?

Mun sha kai kuka kan wannan fili. An je ƙaramar hukuma, an rubuta takarda, an turo kwamiti ya zagaya ya sha lemo ya tafi. Ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Kuma ba mu ne farau ba. A Jos, a watan Yulin 2015, tukunyar kulorin ta fashe a matatar ruwa ta Lamingo, mutum 8 suka rasu. Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne na garin Goyaniya a Barazil a 1987, domin can ma daga masu tsintar ƙarfe abin ya faro. Sun ɗauko injin da ake gasa cutar daji (kansa) da shi daga wani asibiti da aka daina aiki da shi, suka fasa, suka tarar da wata hoda mai ƙyalli shuɗi, ashe gubar nukiliya ce, aka rarraba wa dangi ana sha'awa. Mutum 4 suka mutu, sai da aka auna sama da mutum 100,000, aka rushe gidaje. Ita wannan ba ta da wari, ba ta sa tari, sai da na'ura ake gane ta. Tamu ko banza ta yi mana gargaɗi da yaji a ido. Wa ya san abin da ke jibge a filin nan yanzu haka?

Roƙonmu, ranka ya daɗe, ka kai maganar gaban Mai Martaba da gwamnatin jiha. Mun san tsarin hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, ya tanadi rukunonin agajin bala'i a cikin rundunonin soja, waɗanda aikinsu ke nan, su dafa wa farar hula idan abu ya fi ƙarfinsu. A zauna tun yanzu a rubuta yarjejeniya tsakaninsu da hukumar agajin gaggawa ta jiha da 'yan kwana-kwana, a san wanda zai kira da wanda zai amsa, ko da tsakar dare ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma tsofaffin sojoji a garin nan da suka ajiye kaki da sauran ƙarfinsu, wasunsu ma a sashen lafiya suka yi aiki. A yi musu rajista a matsayin dakarun ko-ta-kwana, a sabunta musu horo, a ba su abin rufe fuska da rigar kariya, su koya wa 'yan sa-kai, a yi atisaye a bainar jama'a domin mata su san tudu ake nufa, ana fuskantar inda iska ke tasowa.

A gayyato hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya ta zo da na'urarta ta bi tulin ƙarfen nan. A tashi filin daga tsakiyar gidaje. Sana'a ce ta halal, ba mu ce a hana su ci ba, a dai ba su wuri a bayan gari. A binciko wanda ya sayar da tukunyar, ya biya kuɗin maganin marasa lafiya, domin an fara sayar da awaki. Muna sake nanatawa, a ba mu lambar da za a kira a ɗauka.

Matasa sun so su je su rufe filin da hannunsu, dattawa suka tare su da sunanka. Muna roƙon a sa mana ranar da wakilanmu za su zo fada kafin Juma'a mai zuwa.

Allah ya taimaki Hakimi.

Talakawanka masu biyayya,
A madadin al'ummar unguwar bayan tasha.