Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Da Zai Ajiye Kaki Ya Kama Dafa Lemon Tsiro

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Saƙonka ya iso cewa da zarar ka gama horon sallama a Oshodi za ka dawo Jos ka kafa wurin dafa lemon tsiro, na dawa, marar barasa, a kwalba. Na yarda da shawarar. Dawa tamu ce, kuma tun 1988 da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir manyan kamfanonin ƙasar nan suka koma kanta, ka ga ba a kan abin banza za ka tsaya ba. Amma ka san wannan tun yanzu: ruwan zaƙin da za ka dafa, da wanda matan da ke dafa burukutu suke dafawa, hanyarsu ɗaya har zuwa tukunyar ƙarshe. Inda aka rabu shi ne yis, wato ƙwayar da ke mai da sukari barasa. Su suna sa shi da gangan, kai kuwa aikinka duka shi ne ka hana shi shiga. Idan ka yi sake ya shiga kwalba, za ka sayar wa mutane abin da ba su nema ba, da sunanka a jiki.

Ka fara da hatsi. Kada ka sayi buhu a Katako don ganin ido ya yi maka kyau. Ɗebi ƙwaya 100, ka jiƙa, ka shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma kwana 3. In ƙasa da 90 suka tsiro, bar wa mai shi kayansa: ko ta tsufa, ko ta sha zafi a rumbu. Ka tambaya ko an zuba mata maganin ƙwari, ka kuma shinshina. Farafara tana ba da lemo mai haske da laushin baki. Jar dawa kuma takan kawo ɗan bauri. Kilo 12 na dawa zai ba ka kusan kilo 10 na busasshen tsiro, sauran ya tafi a saiwa da numfashin ƙwayar. Ka sa wannan a lissafi.

Jiƙo awa 18 zuwa 24 ne, amma ba a bar ta cikin ruwa ɗaya. Bayan awa 6 ka tsiyaye, ta sha iska awa 2, ka sake sabon ruwa. Ƙwaya mai rai ce, in ta rasa iska sai ta yi tsami ta mutu. Daga nan ka baza ta a kan buhun algarara mai tsabta, kaurin bai wuce faɗin tafin hannu ba, ka rufe da wani jiƙaƙƙe, kana yayyafa ruwa kana juyawa safe da yamma. Dawa tana son ɗumi na digiri 25 zuwa 30, kwana 4 ko 5. Nan Jos za ta ba ka wahala. A Disamba da Janairu, in hunturu ya sauka, ɗakin da ba a toshe ba ba zai ba ka tsiro ba sai rabi da rabi. Da damina kuwa, musamman Yuli da Agusta, fumfuna ce abokiyar gaba. Duk tsiron da ya yi kore ko baƙi-baƙi, zubar da shi za ka yi, kada ma ka ba kaji, domin dafin wasu nau'in fumfuna tafasa ba ta kashe shi.

Shanya kada zafinta ya wuce digiri 50, in ba haka ba ka kashe sinadarin da ke mai da sitaci sukari, wanda dominsa aka sha duk wahalar nan. In ya bushe ƙayau, ka murje saiwa da tohon ka sheƙe su sarai. Wannan ba don kyan gani ba ne. Tohon dawa yana ɗauke da guba, ita ce ke kashe dabbar da ta ci ɗanyar gyauron dawa, kuma yana sa ɗaci.

To ga wurin da yawancin masu farawa ke faɗuwa. Abin da ka gani a intanet na Turawa da sha'ir ne, inda ake zuba ruwa mai digiri 65 a bar shi ya yi aikinsa. Dawa ba ta yarda da haka. Sitacinta ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 zuwa sama, sinadarin tsiron kuwa a wannan zafin yake fara mutuwa. Maganin abin tsohon sani ne. Ka ɓarza kilo 10, tsaki-tsaki, ba gari ba, don gari toshe matata yake yi. Ka dama da lita 40 na ruwa mai ɗumin digiri 45, ka bar shi minti 30 zuwa 40 ya kwanta. Ruwan da ya taso sama, kamar lita 15 zuwa 20, ka kwashe shi a hankali ka ajiye gefe. Ƙarfin tsiron yana cikinsa. Mai kaurin na ƙasa shi za ka ɗora a wuta ya tafasa minti 20 zuwa 30, muciya ba ta tsayawa, don in ya kama gindin tukunya ƙaurin ba ya fita har abada. Ka sauke, ya ɗan huce, ka mayar da ruwan da ka ajiye. Haɗin ya tsaya tsakanin 62 da 65, ka rufe tukunya ka naɗe ta da bargo awa ɗaya da rabi. Za ka ga kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito. Don tabbatarwa, ɗiga kaɗan a farin faranti ka sa ɗigon aidin: in ya koma shuɗi mai duhu, da sauran sitaci, ƙara masa lokaci. In zaƙin ya ƙi, markaɗa ɗanyen dankalin Hausa kamar kilo ɗaya ka haɗa. Dalilin da ya sa masu kunun zaƙi ke sa shi ke nan. Tsiron tamba ma yana taimakawa, ga ta kuwa a Filato.

Ka tace, ka ɗauraye dusar da lita 15 na ruwa mai digiri 75. Dusar kada ta kwana; masu kiwo za su saya. Ruwan ka tafasa shi awa ɗaya, citta da kanumfari su shiga minti 10 na ƙarshe, don ƙamshinsu gudu yake da tururi. In kana son launin ya yi duhu, ka soya kashi ɗaya cikin goma na tsiron kafin ɓarza, ba fiye ba. Kuma kada ka ga ma'aunin zafi ya tsaya a 96 cikin tafasasshen ruwa ka ce ya lalace. Jos tana kan tudu na wajen mita 1,200, a nan haka ruwa ke tafasa. Ƙarshe za ka sami kusan lita 40, ma'aunin sukari yana nuna Brix 11 zuwa 13, wato kwalba 120 ta santilita 33, kiret 5.

Wannan ruwan ba shi da tsami, pH ɗinsa, wato awon tsami, sama da 5, ga sukari, ga ɗumi. Babu abin da ƙwayoyin cuta suke so kamarsa. Ka sauko da shi zuwa 4.2 da ruwan tsamiya tatacce ko hodar tsamin lemo, ka auna da na'ura, ba da harshe ba. Ƙasa da 4.6 ne ƙwayar da ke sa guba mai shanye jiki a abincin gwangwani ba ta iya girma. Sannan ka zuba a kwalbar gilashi, ka buga marfin ƙarfe, ka jera cikin ruwan zafi. Kwalba ɗaya ka bar ta buɗe da ma'auni a ciki. Sai cikinta ya kai 72 zuwa 75 za ka fara ƙirga minti 25. Ka hutar da su sannu-sannu, gilashi mai zafi in ya ji ruwan sanyi fashewa yake. Gorar roba ba ta jure wannan zafin, lanƙwashewa take, shi ya sa lemon gora ba ya wuce 'yan kwanaki ko a firij. In wani ya ba ka shawarar maganin hana lalacewa na benzowet, kada ka wuce iyakar da NAFDAC ta sa, kada kuma ka haɗa shi da bitamin C.

Kowace dahuwa ka ware kwalba 6 ka ajiye a ɗaki mai ɗumi mako 2 kafin sauran su fita kasuwa. In ka buɗe ta yi ƙarar fitar iska, ko ta yi kumfa, ko Brix ya sauka ko da ɗaya ne, yis ya shiga. Kowane maki ɗaya da ya ɓace ya zama barasa kusan rabin kashi cikin ɗari, iskar kuma tana taruwa har kwalba ta fashe a shagon mutane. Dahuwar duka ta tashi. In kuma tsami ya ƙaru ya yi yauƙi, tiyo ne ko famfon tukunya ba a wanke ba. Wanki da soda mai ƙuna ne, irin ta yin sabulu, giram 20 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, da safar hannu da tabarau, sannan ɗauraya sosai. Soda tana cin alminiyam, don haka tukunya ta zama sitenles. Ruwan kududdufin kuza kada ya kusanci wurin. Na burtsatse ma a kai shi gwaji tukuna, na famfo kuma ya bi ta matatar gawayi don warin kulorin.

Batun kuɗi gajere ne. Garatuti sau ɗaya ake biya. Kada ka taɓa fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma kada ka ci bashi da sunan kuɗin da Hukumar Fanshon Soja ba ta riga ta sa a asusunka ba. Tukunya biyu, murhun gas, ma'aunai uku, injin buga marfi na hannu, sun isa wata 6 na farko. Kwalba ita ce za ta cinye jarinka, saboda haka ka karɓi kuɗin ajiya a kan kowane kiret. Citta ka saya lokacin kaka ka adana. Tun cutar da ta faɗa wa gonakin kudancin Kaduna a 2023 kowa ya ga yadda farashinta ke iya tashi. Ka yi rajistar suna a CAC, sannan NAFDAC. Za su zo duba wurin, za su nemi gwajin lafiyar ma'aikata da lambar dahuwa da ranar lalacewa a jikin kwalba.

Daga bariki ka zo da littafin aiki: kwanan wata, buhun wa, zafi nawa, minti nawa, Brix, pH. Ranar da lemo ya lalace, shi zai gaya maka dalili. Tsawa kuwa ka bar ta a filin fareti. Yaron da ke tsoronka, in ya manta bai wanke tiyo ba, ɓoyewa zai yi, kai kuma sai bayan mako 2 za ka sani. Mai shago a Terminus da ya riƙe maka kuɗi ba kurtu ba ne. Da lallami da rasit ake karɓa.

Kafin ka taso, ka sayi ma'aunin sukari da na pH da ruwan saita shi a Legas, sun fi samuwa can. Mahaifiyarka tana gaishe ka da yara. Allah ya dawo da kai lafiya, ya sa albarka.

Mahaifinka,
Jos.