Kun faɗi kanar, kun bar malamin da ɗalibansa

Assalamu alaikum. Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na tarihi na ranar Asabar a rediyo, wanda kuka yi a kan Kanar Davidson na Amurka da motocin soja da aka ce ya ƙera, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci matuƙa.

Tun daga farkon shirin har ƙarshensa mai gabatarwa yana ta nanata cewa Kanar Davidson ya ƙera kaza, Kanar Davidson ya ƙirƙiro kaza, sai ka ce mutumin ya kulle kansa a ɗaki ne shi kaɗai ya fito da mota mai sulke. Ko sau ɗaya ban ji an ce malamin makaranta ba ne. Alhali kuwa Royal Page Davidson a makaranta ya ƙare rayuwarsa ta aiki. Mahaifinsa ne ya kafa makarantar horon soja ta Northwestern a garin Highland Park na jihar Illinois a 1888, shi kuma ya koyar a cikinta, daga baya ya gaji shugabancinta. Motocin nan da kuka yi ta yabo, da hannun ɗalibansa aka haɗa su, samari masu shekarun 'yan sakandare. Wannan shi ne zuciyar labarin, kuma shi kuka cire.

Ni tsohon malamin kanikanci ne a wata makarantar koyon sana'a, har na yi ritaya. Da na ji sanarwar shirin, na kira tsofaffin ɗalibaina da ke gareji na ce kowa ya kunna rediyo, yau za a yi maganar irinsu. Washegari ɗaya daga cikinsu ya zo gaishe ni ya ce, "Malam, ai labarin manyan soja ne, ina ruwanmu a ciki?" Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

Me zai hana ku gaya musu cewa kafin mota ma, da keke malamin ya fara? A 1897 ɗalibansa suka hau kekuna daga Chicago har Washington ɗauke da saƙo zuwa ga sakataren yaƙi, wato ministan yaƙi na Amurka. Daga nan ya samo wata mota mai ƙafa uku ta kamfanin Duryea, aka ɗora mata bindiga mai jigida samfurin Colt, da faifan ƙarfe a gaba don kare mai harbi. A farkon shekarun 1900 yaran suka haɗa wasu masu aiki da injin tururi a ɗakin aikin makarantar. A 1910 suka shiga gasar Glidden, wato gasar gwada juriyar motoci a doguwar tafiya, da motocin Cadillac biyu masu ɗauke da bindigogi. Sannan a 1915 ayarin motoci takwas ya tashi daga Chicago zuwa San Francisco, tafiyar kwana 34 a zamanin da yawancin hanyoyin ba su ga kwalta ba. A cikin ayarin akwai motar nan mai sulke da kuka ambata, akwai ta asibiti, akwai ta girki, akwai masu na'urar aika saƙo ta iska. Duk tayar da ta fashe, duk injin da ya ɗau zafi a kan dutse, waɗannan yaran ne suka sauko suka gyara. Ku kuwa jimla ɗaya kuka ba wannan tafiyar, ita ma da sunan kanar.

Abin da ya sa na damu haka, na san abin da ake yi wa yaro mai basirar hannu. Na taɓa samun wani ɗalibi da Turanci ya gagare shi, kullum yana can ƙasan aji, amma idan ya kafa bakin sukudireba a jikin inji ya kara ƙotar a kunnensa, zai gaya maka wane fulogi ne ba ya ci. Inji ɗaya tak muke da shi a makarantar, shi ma ya daɗe da kamewa. Kafireto a allo nake zana musu da alli. Sifanonin kirki suna sito a kulle, wai kada yara su ɓatar. Uban ɗalibin nan ya cire shi a aji biyu, ya ce ba zai biya kuɗi ɗansa ya tashi bakanike ba. Irin wannan uban nake so ya ji a rediyo cewa akwai shugaban makarantar da ya amince wa ɗalibai da ƙarfe da walda da sitiyari, har abin da suka ƙera ya shiga tarihin Amurka. Ba bindigar ce ta dame ni ba, Allah ya raba mu da yaƙi. Amanar da malamin ya ba yaran ita ce abin faɗa. Mutumin ya rasu a 1943, makarantar ta koma bakin tafkin Geneva a Wisconsin tun yana raye, amma ko sunanta ba ku kama ba.

Ina roƙon ku sake shirin, ku gayyato malamin koyar da sana'a ko da ɗaya ne ya zauna da mai gabatarwa. Muna da su birjik a Kaduna da Kano da Zariya.

Sai kuma tallar maganin basir ɗin nan da kuke katse shiri da ita. Sau uku ta shigo a tsakiyar magana, kuma ƙararta ta ninka muryar mai gabatarwa, dole mutum ya yi ta murɗa rediyo sama da ƙasa. Mu da kunne ya fara nauyi muna shan wahala. Don Allah ku mayar da ita farkon shiri ko ƙarshensa, ku kuma rage mata murya.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin kanikanci, Kaduna.