Koke Kan Hanyar Zungeru Zuwa Wushishi Da Tsofaffin Gadojinta

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Sudan na Kontagora,
ta hannun Hakimanmu da Dagatanmu.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu talakawanka mazauna ƙauyukan da ke tsakanin Zungeru da Wushishi, manoma da masunta da direbobi da 'yan kasuwa, mun kawo kukanmu ne kan hanyar da muke bi kullum. Gajeriyar hanya ce, amma ita ce ƙafarmu. Ta nan shinkafar fadama da doya da masara ke fita kasuwa, ta nan ɗalibai ke zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Zungeru, ta nan kuma ake garzayawa da mai naƙuda cikin dare.

Ranka ya daɗe, da damina ta kankama ruwa kan cinye gefen kwalta, ƙasar da ke riƙe da gindin ƙananan gadoji da kwalbatoci ta zaizaye. Gadojin ƙunci gare su, an gina su ne a zamanin da babu tirela. Yau kuwa manyan motoci ne ke hawa kansu da lodi, mai babur da mai amalanke su raɓe a baki suna jiran tsammani.

Sarki ya fi mu sanin darajar wannan yanki. Tsakanin garuruwan nan biyu aka shimfiɗa layin dogo na farko a Arewa, a 1901, aka ƙarasa shi Barijuko da ke bakin Kogin Kaduna a 1902, shekarar da Gwamna Lugga ya kafa hedikwatarsa a Zungeru. Kayan da jiragen ruwa suka hauro da su ta Kogin Kaduna, ta nan suke shiga gari. Me ya rage mana daga wannan tarihi? Ƙarafan layin an tumɓuke su an kai aikin dogon Zariya zuwa Jos. Hedikwata ta koma Kaduna a 1917. Gadar ƙafa ta ƙarfe da aka gina a 1904 ita ma an ɗauke ta, tana can Ƙofar Gamji a Kaduna baƙi na ɗaukar hoto a kanta, jikokinmu kuwa ba su taɓa ganinta ba. Zungeru, garin da aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, kuma madatsar ruwansa ke da ƙarfin megawat 700, bai cancanci wannan rashi ba.

Shi ya sa roƙonmu bai tsaya kan kwalta kaɗai ba. Muna neman Mai Martaba ya isar da kukanmu ga Ƙaramar Hukumar Wushishi da Gwamnatin Jihar Neja, a turo injiniyoyi su duba gindin kowace gada kafin ruwa ya sauka, a gina sababbi masu faɗi inda ya kamata. Amma a gina su kusa da tsofaffin, kada a rushe na dā. A bar wa masu ƙafa da dabbobi su, a sa musu allon da ke faɗin tarihinsu. Kuma a umarci masu unguwanni su hana 'yan gwangwan taɓa ko ƙusa ɗaya daga ƙarfen da ya saura.

Matasanmu a shirye suke su yi aikin gayya na share magudanan ruwa duk ranar da fada ta sa.

Allah ya taimaki Sarki.

Masu biyayya,
Al'ummar ƙauyukan hanyar Zungeru zuwa Wushishi.