Matan da mazan jiya suka mutu suka bari na bukatar takardu

Zuwa ga Edita,

Rahotonku kan mazan jiya na Damagaram da suka yi wa Faransa yaƙin 1939 zuwa 1945 ya tsallake matan da suka bari.

Faransa ta daskarar da fanshonsu a 1959, sai 2011 ta daidaita shi da na tsoffin sojoji Faransawa, kuma ga wanda ya nema kawai. Gwauruwa takan maƙale ne wajen takarda: gara ta cinye littafin soja cikin akwati, auren ma a masallaci aka ɗaura, ba shaidar hukuma. Ga suna, an rubuta Mamane nan, Mahamane can.

Ya kamata kotun Zinder ta ware ranakun jin shaidu a unguwanni, ta ba su takardar aure kyauta.

Mai karatu daga Zengo