Dausayin Maroko ba hoton raƙumi ba ne kawai

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira. Na karanta rubutun da kuka buga kwanakin baya kan yawon buɗe ido a kudancin Maroko, hotunan kam sun yi kyau ba ƙarya, raƙuma a jere kan tudun rairayi rana na faɗuwa, ga dabino kore shar. Amma wallahi tun da na ajiye jaridar abun ke cina a rai, shi ya sa na ce bari dai in rubuto, don na taka wuraren nan da ƙafata.

Kafin komai akwai gyara. Marubucinku ya kira mutanen duwatsun Atlas da Barebari, to ai mu a Hausa in ka ce Barebari kowa Kanuri zai kawo a ransa. Waɗannan daban ne, su kansu Amazig suke kiran kansu, 'yan uwan Abzinawa ne ta wajen harshe, har rubutunsu na Tifinag za ka ganshi a jikin allunan hanya da ofisoshin gwamnati kusa da Larabci, tun da tsarin mulkin 2011 ya mai da harshen nasu na hukuma.

Abun da ya fi damuna shi ne yadda aka nuna dausayi kamar wata aljanna da ta faɗo daga sama ta zauna a tsakiyar hamada. Ruwa dai na Allah ne, amma dausayi gumin mutane ne. A hanyar garin Arfud da ke kudu maso gabashin ƙasar, wajen Jorf, za ka ga tarin ƙasa tsibi-tsibi sun miƙe a layi har iya ganinka, da farko na ɗauka ko wasu tsofaffin kushewu ne, ashe bakin rijiyoyi ne, kuma a ƙarƙashinsu rami ne guda dogo da aka haƙa da hannu ya haɗe su, yana jawo ruwa daga gindin tudu zuwa gonaki ba inji ba famfo, gangare kawai. Hattara suke kiransa. Wani dattijo da ke gadin wajen ya saukar da mu ta matakala, ciki sanyi ƙalau, duhu, sai ɗan hasken da ke zubowa ta bakin kowace rijiya, ya kama hannuna ya ɗora a bango in ji sawun diga. Na tambaye shi ina ruwan, ya nuna min wani zane a bangon daidai gwiwarsa ya ce nan yake kaiwa lokacin yana yaro. Yanzu ƙasan busasshe ne ƙamas, ƙura ce ke tashi in ka taka. Na daɗe ban ga abun da ya sosa min zuciya irin wannan ba.

Kuma in ka shiga cikin dabinon da kanka, ba daga tagar mota ba, sai ka ga noman hawa uku ne. Dabino a sama yana tare rana, ƙarƙashinsa rumman da ɓaure da zaitun, can ƙasa kuma sha'ir da ciyawar dabbobi da lalle da kayan miya. Ruwa bi da bi ake sha, kowane gida da lokacinsa, wani rabonsa ma tsakar dare yake faɗowa dole ya tashi da fitila ya buɗe kwatarsa ya toshe ta maƙwabci, a da har ƙwarya ta tagulla mai ɗan huji suke sakawa a cikin bokitin ruwa, in ta nitse an ƙirga ɗaya. Mutanen da suka iya raba ɗigon ruwa haka ba tare da an zub da jini ba ai sun cancanci a rubuta labarinsu, ba a wuce su a guje ana neman inda za a hau raƙumi ba.

Ruwan nan kuwa yana ƙarewa. Tun 1972 da aka gina dam ɗin Mansur Addahabi kusa da Warzazat kogin Dara ya daina gudu yadda ya saba, sai in an sako. Ga fari shekara da shekaru, ga cutar bayud da ta kashe miliyoyin dabino, ga masu kuɗi da suka haƙa bohol suna noman kankana a hamada don kai wa birane da Turai, har a 2017 mutanen Zagora suka fito zanga-zanga saboda ƙishirwa, aka kama wasu. A haka ne kuma baƙo zai sauka a otal mai wurin ninƙaya cike fal, ya yi wanka sau uku a rana. Ni ban ce kar a je ba fa, a je, amma a san a kan me ake takawa.

Kuskuren da na yi a tafiyata ta farko shi nake so wasu su guje wa. Na biya wani kamfani a Marrakish kuɗin tafiyar kwana 3 zuwa Marzuga, ƙauyen da ke bakin tudun rairayin hamada, sama da kilomita 500, aka cusa mu a bas tun asuba, muka haye mashigin dutsen Tizi n'Tishka mai tsayin mita 2,260 kowa kansa na juyawa don kwana-kwanar hanya, a Ait bin Haddu, garin jar ƙasan nan da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1987, ko awa biyu ba a ba mu ba, daga nan sai shagon darduma da direba ya riga ya shirya da su, sai gidan abincin da shi ma yana da kasonsa. Muka ratsa ta Risani ba wanda ya ce mana ga kangon Sijilmasa nan gefen hanya, birnin da aka kafa a 757, inda ayarin zinariya da gishiri ke tashi, daga nan ne Ibn Battuta ya kama hanyar Mali a 1352. Kai, abun da ciwo. Dirhamin da na kashe kusan duk a birni ya tsaya, mutanen da muka yi ta ɗaukar gidajensu a hoto ko sisi bai shiga hannunsu ba.

Da na koma karo na biyu sai na canza. Na hau motar haya zuwa Imlil, kilomita 60 da ɗoriya daga Marrakish, a gindin dutsen Tubkal wanda ya fi kowane tsayi a Arewacin Afirka, mita 4,167. Na ɗauki ɗan jagora ɗan ƙauyen, da alfadari ɗaya na ɗaukar kaya, muka yi ta hawa. Gidajen a manne suke da jikin dutse, rufin wani shi ne tsakar gidan wani, gonaki hawa-hawa kamar matakala, kowane da katangar dutse da aka jera da hannu, ga tuffa ga sha'ir, ga 'yar kwatar ruwan dusar ƙanƙara tana bin gefen hanya. Nan ma dai maganar ruwa ce da rabonsa. A gidan da na kwana, maigidan ya zuba min ruwan wanke hannu da buta da kansa, ya tsiyayo shayi mai na'a-na'a daga sama har ya yi kumfa, uwargida ta aiko da burodi mai zafi da man zaitun, da magariba muka gangara ɗan masallacinsu, sanyi kamar ya tsinke yatsu wajen alwala. Ba na jin yarensu ba sa jin nawa, ɗan guntun Larabci da sallama suka riƙe mu har dare ya raba.

Maigidan ne ya nuna min tsagar da ta raba bangon ɗakinsa daga sama har ƙasa. Girgizar ƙasar daren Juma'a 8 ga Satumba 2023 ce, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, mafi yawa a ƙauyukan duwatsun nan na Alhauz inda hanya ta toshe agaji bai isa da wuri ba, har tsohon masallacin Tinmal na ƙarni na 12 bai tsira ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A wasu ƙauyukan da muka ratsa na ga iyalai a tanti da gidajen kwantena kusa da kangon gidajensu. Rubutunku ko layi ɗaya bai ambaci wannan ba, alhali kuɗin da baƙo zai biya na kwana da na alfadari da na jagora da shi ake sayen siminti da buhun gari.

Don haka 'yan uwa masu niyya, musamman masu zuwa ziyara Fas da ke da 'yan kwanaki a hannu, ku rage yawan wuraren ku ƙara kwana. Ku sauka a gidan baƙi na mutanen gari, ku sayi dabino a hannun mai gona, Oktoba ne kakarsa, kuma lokacin zafi ya sauka. Kar a ɗaga waya a fuskar mace ko dattijo ba a nemi izini ba, da yawansu ba sa so, kuma kar a riƙa raba wa yara kuɗi da alawa a bakin hanya, iyayen da kansu na ƙorafi yana hana su zuwa makaranta. In har za a kai Zagora to a ƙarasa Tamgurut a ga ɗakin karatun zawiyar Nasiriyya da tsofaffin littattafansa na rubutun hannu.

Malam Edita, roƙona shi ne ku gyara maganar Barebarin nan a fitowa ta gaba, sannan in za ku sake tura wakili, don Allah ku ba shi kwanakin da zai zauna da masu rabon ruwa da masu alfadarai ya ji daga bakinsu.

Wassalam,
Naku mai karanta jaridarku kullum.