A bar mu da facinmu, afdet ya ishe mu

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili, ni mai shagon gem ne a Yalwa nan Bauchi, wasu za su ce maganar wasan yara ce amma mu da ita muke cin abinci.

Duk wanda ya riƙe hannun PS ya san ba a buga ƙwallo yadda kamfani ya sako ta. PES, gem ɗin ƙwallo na kamfanin Konami, can baya ba su da lasin kulob da yawa, Chelsea London FC ake rubuta mata, Manchester City kuma Man Blue, sai samari su zauna su yi faci su gyara suna da jesi da tambari a zuba a filash a raba. Akwai wani yaro a layinmu da ya zauna ya haɗa Wikki Tourists da kansa har da lambobin baya, ranar da muka ɗora shagon ya cika maƙil, kowa so yake ya ɗauki Wikki ya lallasa Madrid, kuma yaron nan ko sisi bai karɓa ba.

Toh wai a doka wannan yaron ina ya tsaya? Ita yarjejeniyar da muke dannawa ba mu karanta ba cewa take izini ka saya ba gem ɗin ba. Sannan dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta haɗa da manhajar kwamfuta, ta kuma hana karya makullin da mai abu ya sa. Na yarda, mai kwafar gem yana sayarwa, da mai saka manhajar maguɗi a wasan intanet yana ganin mutane ta bayan bango, waɗannan ba na kare su, a kama. Amma mai gyara jesi kyauta don a buga a cikin shago fa? Su kansu kamfanonin ba su da magana ɗaya. A 2017 Take-Two, uwar kamfanin Rockstar mai yin gem ɗin GTA, ta aika wa masu OpenIV, manhajar da ake yi wa GTA V mod da ita, wato irin facin nan da masu wasa ke yi wa gem, takardar su daina, jama'a suka yi caa, sai Rockstar ta fito ta ce wanda yake wasa shi kaɗai kuma ba kasuwanci yake ba galibi ba za a bi shi ba, a 2023 ma sai ga ta ta saye masu FiveM, wani mod na GTA V, ɗungurungum. Counter-Strike ma ai mod ɗin Half-Life ne a 1999 kafin Valve, kamfanin da ya yi Half-Life ɗin, ta ɗauke shi. Kenan in facin ya kawo kuɗi ɗan gida ne, in bai kawo ba ɓarawo ne.

Su kuma kamfanonin, afdet, wato sabunta gem ta intanet, yadda suka ga dama suke yi. Da Konami ta mayar da PES eFootball a 2021 fuskokin ƴan wasa a karkace suka fito, sai da kamfanin ya ba da haƙuri. Ubisoft ta kashe sabar The Crew, gem ɗin tseren mota da ba ya buɗewa sai da intanet, a 2024, waɗanda suka biya kuɗinsu suka tashi a tutar babu. Mu nan kuma ka kunna inji, kwastoma na zaune, wani gem ya ce sai ka sauke giga kaza kafin ya buɗe, ga data an ƙara mata kuɗi tun farkon 2025, ga man janareto, ka gama saukewa ka tarar facin ya lalace kuma fasin ƙwallo ya yi nauyi, masu tsaron gida sun koma gunki. Wallahi da yawa yanzu mun cire injinanmu daga intanet, PES 2021 muke ta bugawa.

Ina roƙon hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa ta fito ta yi mana bayani da Hausa ko a rediyo ne, me ya halatta me ya haramta, FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ita kuma ta duba ko daidai ne a canza wa mutum kayan da ya biya ba tare da an bar shi ya koma tsohon ba.

Naka,
Mai shagon gem, Yalwa, Bauchi